Mai gyara ya tashi daga Marwa zuwa Garwa: shin takardunsa sun mutu?

Maganar da ke yawo a majalisun masu gyaran famfo, masu aikin wuta, magina da masu fenti ita ce wai duk wanda ya kwashe kayan aikinsa ya koma wani gari, takardunsa sun zama toka. Wai sai ya sake sabuwar lambar rajistar sana'a, ya nemi izinin magajin gari, in ba haka ba a garƙame masa shago ranar farko. Wasu 'yan tsakani har farashi suke yanka wa wannan "sabuwar lamba". Jama'a, a yi hattara, domin abin da suke sayarwa shi ne ainihin abin da doka ta hana.

Batun izini bai da tsawo. Gabatarwar kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ta ce kowane mutum yana da 'yancin zama inda ya so da zirga-zirga yadda ya so, muddin bai taka dokar zaman lafiya ba. Zuwa gaida mai unguwa ko lawan idan ka sauka ladabi ne, kuma mai hankali ba ya barinsa, amma ba shi ne lasisin sana'a ba.

Dokar da ta shafi rajistar sana'a ba ta Kamaru kaɗai ba ce. Ta ƙungiyar OHADA ce, mai daidaita dokokin kasuwanci tsakanin wasu ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17, ciki har da Kamaru, Chadi da Nijar. Najeriya ba ta ciki. A ranar 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome, aka sabunta dokar kasuwanci ta ƙungiyar, aka shigo da matsayin ƙaramin mai sana'ar kansa, wanda takardun Faransanci ke kira entreprenant. Daga nan ne ruɗanin ya samo asali, saboda yanzu mutum iri biyu ne ke zuwa ofishin magatakardan kotu, wato girefi, inda ake ajiye rajistar kasuwanci ta RCCM, kuma hukuncin tashinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda ya yi cikakkiyar rajista a matsayin ɗan kasuwa, misali mai gyaran da ya buɗe shagon sayar da bututu da waya. Shi kam idan ya koma yankin wata kotu, dole ya nemi a soke sunansa a tsohuwar rajista, a rubuta shi a sabuwar, kuma cikin wata ɗaya da tashinsa. Wannan ne mutane suka ji, suka ɗauka ya hau kan kowa.

Na biyu shi ne ƙaramin mai sana'a, wanda jarinsa akwatin kayan aiki ne da babur. Shi tun farko sanarwa kawai ya yi aka ba shi lamba. Idan ya canja wurin aiki, abin da doka ta ɗora masa shi ne sanarwar gyara a girefi: da ina Marwa, yanzu ina Garwa. Dokar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa duk sanarwar irin wannan mutum kyauta ce. Ta kuma ce lambar tasa ce shi kaɗai, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya bayyana a rajista fiye da ɗaya ko ya riƙe lamba biyu ba. To ka gani, wanda ya karɓi kuɗinka ya yanko maka lamba ta biyu alhali ta farko tana raye, ya ci kuɗinka ne ya kuma tura ka cikin laifi. Dokar ta bar wa kowace ƙasa ta hukunta wanda ya ƙi cika waɗannan ƙa'idoji ko ya cika su da ha'inci, kuma kotu tana iya tilasta wa mutum ya gyara rajistarsa.

Sai a lura, doka tana magana ne kan canja mazaunin sana'a. Mai aikin wuta na Gidar da aka kira ya ja waya a wani gida a Figil na mako biyu ya dawo, bai tashi ba, aiki ya je.

Inda na fi ganin mutane suna faɗawa rami shi ne haraji, ba kotu ba. Lambar haraji ta NIU ba ta gari ba ce, ta mutum ce, tana binka duk inda ka je cikin ƙasa. Abin da ke canjawa shi ne ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗinka. Idan ka sulale ba ka sanar ba, a idon tsohon ofishi kana nan kana aiki, lissafi yana ci gaba, tarar jinkiri tana hawa kansa. Can kuma a sabon gari ma'aikata za su tarar da kai da takardar da ke nuna wata unguwa ta wani gari. Mutum zai yi shekara yana ganin ya tsira, sai ranar da wata makaranta ko asibiti suka so ba shi kwangilar fenti, suka ce ya kawo shaidar cewa haraji ba ya binsa bashi, a nan tsohon bashi zai fito ya tare ƙofa. Shi ya sa kafin a ɗaure kaya a mota, a je tsohon ofishi da rasiɗai, a biya abin da ya rage, a rubuta sanarwar tashi, a karɓi kwafi mai hatimi. Kada a yarda da "na ji, je ka abinka" na baki.

Dalilin da ya sa ƙananan hukumomi suka buɗe ido a kwanakin nan shi ne dokar harajin ƙananan hukumomi ta 23 ga Disamba 2024, wadda ta kawo harajin dunƙule na IGS a madadin tsohon harajin da ƙananan masu sana'a suka saba biya, ga duk wanda cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 50 ba. Kuɗin na ƙananan hukumomi ne, don haka kowace meri, wato ofishin magajin gari, tana son sanin wa ke aiki a ƙasarta. Wannan ba ya nufin baƙo yana da wani harajin baƙunta na daban. Ajin da kake ciki cinikinka ne ke yanke shi, ba garin haihuwarka ba. A nan littafin shige da fice na kullum, wanda dokar OHADA ta wajabta wa ƙaramin mai sana'a ya riƙa rubutawa ya kuma adana shekara 5, yake zama garkuwa idan aka so ɗora ka a ajin da ya fi ƙarfinka. Kaɗan ne cikinmu ke rubuta shi, gaskiya.

Mai haya kuma ya duba yarjejeniyarsa. Idan shagon sana'a ne kuma ba a yanka wa hayar wa'adi ba, dokar ta ce mai son fita ya ba da sanarwar wata 6 ta hanyar da za ta bar shaida. Mai gida na iya yafewa, amma a sa hannu a kai.

Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. An rubuta "kyauta", amma girefi yana hedikwata, takardun da Faransanci, kuma yinin da magini ya ɓata a layi yini ne da ba a dafa komai a gidansa ba. Wannan giɓin ne 'yan tsakani ke ci. Da ofisoshin haraji da kotu suna miƙa wa juna fayil da kansu, da rabin wannan tsoro bai taso ba.

Wanda kuma zai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, kada sunan OHADA ya ruɗe shi. Dokar kasuwanci ɗaya ce, amma rajista da haraji na Chadi daban ne. Sai ya rufe fayil ɗinsa na Kamaru da sanarwar daina aiki, sannan ya buɗe sabo a can.