Aliero ko Aleiro? Fashin baƙi kan tsarin haɗa bayanan gwamnati

A jadawalin farko na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ƙananan hukumomin Najeriya, an rubuta sunan garin albasan nan na jihar Kebbi da Aleiro. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke cikin garin kuwa Aliero take rubutawa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jega zuwa Sakkwato ya san gari ɗaya ake nufi, amma kwamfuta ba ta sani ba. In ma'aikatar lafiya ta ajiye lissafin asibitocinta a ƙarƙashin Aleiro, ta ilimi kuma ta ajiye na makarantu a ƙarƙashin Aliero, ranar da aka zo haɗa su sai Kebbi ta wayi gari da ƙananan hukumomi 22 maimakon 21: ɗaya mai asibitoci ba makaranta, ɗaya mai makarantu ba asibiti. Haka abin yake da Wasagu/Danko da wasu ke juyawa Danko/Wasagu. Na Arewa Dandi ya fi rikitarwa, domin akwai wata ƙaramar hukumar daban mai suna Dandi. Hedikwatar ta farko Kangiwa, ta biyu Kamba, kuma ma'aikacin da ke shigar da bayanai a Abuja bai taɓa taka ko ɗaya ba.

Irin wannan ɓaraka ce tsarin da ake kira Ne-GIF ya zo ɗinkewa. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ita ta fitar da shi a 2019. Ba doka ba ce da majalisa ta zartar. Ƙa'ida ce da hukumar ta shimfiɗa bisa ikon da dokarta ta 2007 ta ba ta na tsara mizani da jagorancin yadda gwamnati za ta yi aiki da kwamfuta. Manufarsa a taƙaice ita ce ma'aikatu da hukumomi su iya musayar bayanai ba tare da ɗan ƙasa ya riƙa yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan ba.

Tsarin ya kasa aikin gida uku. Akwai na shugabanci, wato hukumomi su yarda wa ke riƙe da wane bayani, wa zai ba wa, kuma bisa wane sharaɗi. Akwai na na'ura, wato yadda kwamfutoci za su yi magana da juna ta intanet cikin tsaro. Wannan shi ne mai ɗaukar ido, shi ake ba da kwangilarsa a yi bikin ƙaddamarwa. Na ukun shi ne na ma'ana: in bayani ya tashi daga ofishi ɗaya ya isa wani, su biyun su fahimce shi daidai wa daida. A ganina nan gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin aiki ne da ba a ɗaukar hoto a gabansa.

Matakin farko na daidaita ma'ana shi ne kowane abu ya samu lamba ɗaya tak wadda ba ta sauyawa ko da rubutun sunansa ya sauya. Mun riga mun saba da wannan ba tare da mun lura ba. A wajen hukumar zaɓe, jihar Kebbi ita ce lamba 21, Zamfara 36, kuma kowace rumfar zaɓe tana da lambar da ke nuna jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa da ita kanta rumfar. A mizanin ƙasa da ƙasa kuwa Kebbi NG-KE ce. Ma'aikatar lafiya ta tarayya tana da rajistar asibitoci inda kowane ke da lambarsa. Matsalar ita ce kowace hukuma da nata jerin, kuma sai an samu teburin da ke cewa lamba kaza a nan ita ce lamba kaza a can. Suna kaɗai ba ya isa. Cikin ƙananan hukumomi 774 akwai Nasarawa a Kano akwai a jihar Nasarawa, akwai Bassa a Kogi akwai a Filato. Yelwa ma ba ta Yauri kaɗai ba ce.

Mataki na biyu shi ne ƙamus na bai-ɗaya, wanda zai faɗi abin da kowace kalmar aiki ke nufi. A ɗauki mai ƙidaya da ya yi sallama a wani babban gida a Bunza, ya durƙusa ya gaida dattijo ya ce, "Baba, mutum nawa ne a gidan nan?" Dattijo zai lissafa duk wanda ke shiga ta zauren nan: 'ya'yansa uku masu aure da matansu da jikoki, har da ƙanensa da ke sashen baya. Amma a ƙa'idar masu ƙididdiga, waɗanda ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya su ne iyali guda. Gidan da dattijo ke gani ɗaya yana iya zama iyali biyar a takarda. In masu rajistar tallafi sun bi tukunya, masu rabon gidan sauro sun bi zaure, alƙalumansu ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ga shi ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. Ma'anar ce ta sauya. A da, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsarin da ya bi mizanin ƙungiyar ƙwadago ta duniya, awa ɗaya a mako ta isa a ce mutum yana da aiki. Duk wanda ya jera alƙaluman biyu a layi ɗaya ba tare da bayanin ma'anarsu ba ya ɓatar da mai karatu. Shi ya sa ƙa'idar ke son kowane tarin bayanai ya zo da takardar shaidarsa: wa ya tattara, yaushe, ta wace hanya, kuma me kowane gurbi ke nufi.

A jihar noma irin tamu abin ya fi fitowa fili. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma tun daga lokacin ake ta ambaton alƙaluman shinkafa. To shanshera ake nufi ko gyararriya? Buhu nawa, kuma buhun wace kasuwa, tunda na Kamba da na Argungu ba lalle su zo nauyi ɗaya ba? Gonar da eka aka auna ta ko da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi? Rani ko damina? Muddin gurbin da ke cewa "amfanin gona" bai amsa waɗannan ba, tara jimilla ɓata lokaci ne.

Mataki na uku shi ne wanda masana ke kira ontoloji. Sunan ne mai ban tsoro, abin kansa ba shi da wuya. Kamar salsalar dangi yake: bai tsaya ga jera sunaye ba, sai ya faɗi wane ne ɗan wane, wane ne ƙanen wane. Gwandu ta ishe mu misali. Akwai garin Gwandu, akwai ƙaramar hukumar Gwandu, akwai masarautar Gwandu wadda ta haɗa ƙananan hukumomi da dama kuma fadar sarkinta a Birnin Kebbi take. Abu uku ne masu suna ɗaya. Ontoloji zai rubuta wa kwamfuta cewa gari wani nau'i ne, ƙaramar hukuma wani, masarauta wani. Cewa kowace mazaɓa tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya. Cewa gundumar hakimi da mazaɓar kansila ba abu ɗaya ba ne ko da sunansu ya zo ɗaya. Cewa malami yana koyarwa a makaranta, makaranta kuma tana cikin mazaɓa. Da zarar an shimfiɗa wannan, ana iya tambayar na'ura, cikin mazaɓu 225 na jihar, waɗanne ne ke da makarantar firamare amma ba su da asibitin da ke karɓar haihuwa, ta kuma ba da amsa daga rumbunan ma'aikatu biyu da ba su taɓa zama teburi ɗaya ba.

Dabarar ba a Najeriya aka ƙirƙiro ta ba. Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙago shafukan yanar gizo, shi ya bayyana ƙa'idojin bayanai masu sarƙe da juna a 2006: a ba kowane abu adireshinsa na intanet, in an bi adireshin a tarar da bayani a kansa, bayanin kuma ya nuna hanya zuwa wasu. Ana rubuta kowace magana gaɓa uku, kamar "Kamba, hedikwatar, Dandi". Ƙungiyar W3C mai kula da mizanin yanar gizo ta fitar da kayan aikin: RDF na rubuta gaɓoɓin, OWL na ontoloji, SKOS na ƙamusoshi, da DCAT na 2014 wanda gwamnatoci ke amfani da shi wajen bayyana tarin bayanansu. Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa sun san wannan ta Wikidata, inda Najeriya take Q1033 ko da wane harshe aka kira ta. Berners-Lee ya kuma kawo ma'aunin taurari biyar na auna yadda aka wallafa bayanai. Takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora a intanet tauraro ɗaya gare ta, teburin Excel biyu, CSV, wato teburin da kowace manhaja ke iya buɗewa, uku. Huɗu da biyar sai an ba abubuwa adireshi an sarƙa su da na wasu. Mai karatu na iya buɗe shafin kowace ma'aikata ya ƙirga da kansa.

Akwai wuri ɗaya da aka yi wannan aiki a ƙasar nan ya kuma kama ƙasa, wato kasafin kuɗi. Jadawalin asusu na ƙasa ya ba kowane layin kasafi lamba mai gurbi 52, kashi shida: wace ma'aikata, wane irin kashe kuɗi, don wane fanni, wane shiri, daga wane asusu, a wane yanki. A ɓangaren irin kashe kuɗi, lamba mai farawa da 21 ta albashin ma'aikata ce, 23 ta manyan ayyuka. A ɓangaren fanni, 707 lafiya ce, 709 ilimi, kuma haka yake a ƙasashe da yawa domin mizanin duniya aka bi. Da haka ake iya ajiye kasafin Kebbi kusa da na Zamfara a ga wa ya fi ware wa ilimi. Abin da ya sa jihohi suka bi ba ɓoyayye ba ne. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2018 da dala miliyan 750, ya ɗaura tallafi a kan sharuɗɗa irin su wallafa kasafi a wannan tsari da haɗa albashi da BVN. Ne-GIF bai zo da irin wannan ƙugiya ba. Ga shi kuma jiha tana da gwamnatinta da majalisarta, don haka sai ta rungumi abin da kanta kafin ya yi tasiri a sakatariyar gwamnatin jiha da ke Gwadangaji, balle a ofishin ƙaramar hukuma a Mahuta ko Dirin Daji.

In an zo kan bayanan mutane, lissafin ya sauya. Lambar NIN mai gurbi 11 ita ce lambar mutum, kuma ta fi suna tabbas a yankin da mutum ɗaya ke iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Mamman a unguwa, a gurbin sunan dangi kuma wani ya sa mahaifi, wani kaka, wani garinsu. Duk wanda ya ga layin masu neman takardar rantsuwa a kotu don gyaran harafi ɗaya ya san tsadar wannan ruɗani. Sai dai lambar da ke sauƙaƙa haɗa fayiloli ita ce kuma ke sauƙaƙa leƙen asirin mutum. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta gindaya iyaka: a karɓi bayani don manufa bayyananna, kada a karɓi fiye da buƙata, kada a juya shi zuwa wata manufar da ta saɓa wa ta farko, kuma dole a samu hujjar doka. In an yi kutse mai haɗari, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ma'ana, yawan masu zazzaɓin cizon sauro a Zuru abin wallafawa ne, sunayensu kuwa a'a, kuma kasancewar kwamfutar asibiti na iya magana da ta ofishin haraji bai ba ta izinin yin hakan ba.

Wannan dokar ta ba kowa damar ya nemi ganin bayanan da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma. Ɗan jarida ko ƙungiyar sa-ido da ke neman alƙaluma yana da kyau su nemi teburin da ake iya sarrafawa a maimakon hoton takarda, su kuma nemi bayanin ma'anar kowane gurbi. 'Yan majalisar jiha kuwa, in an kawo musu kasafin sabuwar manhaja, akwai tambayoyin da suka fi farashi muhimmanci: da wane jerin lambobin mazaɓu za ta yi aiki, wa ke da alhakin sabunta jerin, kuma in kwangila ta ƙare ɗan kwangila ya tafi, a wane tsari zai bar wa jiha bayananta.