Waiwaye: yadda karatun dogon hutu ya zama dole ga ɗaliban adabin Amurka

A ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, ana dab da rufe makarantu a Amurka, ɗalibin da zai shiga aji na 11, wato kwatankwacin aji biyu na babbar sakandare a wajenmu, yakan koma gida da takarda daga malamin Turancin da bai ma fara koyar da shi ba. Takardar na ɗauke da sunan littafi ɗaya ko biyu, da umarnin a karanta kafin a dawo, a ja layi a muhimman wurare, a rubuta tsokaci a gefen shafi, a kuma shirya wa gwaji a makon farko. Aji na 11 ne yawancin makarantu suka ware wa adabin ƙasar, don haka sunayen ba su cika canzawa ba: The Great Gatsby, The Scarlet Letter, The Crucible, Their Eyes Were Watching God. Hutun bazara kan kai mako goma ko fiye, kuma duk shekara sai an yi ta ja-in-ja tsakanin iyaye da malamai kan ko wannan aiki yana da amfani.

Al'adar tana da tushe biyu, kuma tun asali manufarsu ba ɗaya ba ce. Na farko ɗakunan karatu na jama'a. Cikin shekarun 1890 ma'aikatan laburare a birane irin su Cleveland suka fara shirya wa yara jerin littattafai na lokacin hutu, don su sami abin yi maimakon yawon titi. Gayyata ce: ka zo, ka zaɓa, ka karanta, ba mai ba ka maki. Na biyu kuwa daga jami'o'i ya fito. A 1874 Jami'ar Harvard ta fara buƙatar masu neman shiga su rubuta insha'i kan wasu littattafai da ta ayyana, waɗanda suka haɗa da wasannin Shakespeare da Ivanhoe na Walter Scott. Sauran jami'o'i suka bi sahu, kowace da nata jerin, har a 1894 aka fara fitar da jeri na bai ɗaya don sauƙaƙa wa makarantu. Daga nan malamin sakandare ya saba da cewa akwai littattafan da dole ɗalibi ya sani kafin ya wuce gaba. Karatun hutu na yau ya ɗauki lokacinsa daga laburare, ya ɗauki dole da jarrabawarsa daga jami'a, kuma mafi yawan rigimar da ake yi a kansa daga wannan haɗin ta samo asali.

Jerin farko na marubutan Birtaniya ne kusan baki ɗaya. Sannu a hankali cikin ƙarni na 20 adabin Amurka ya sami ajinsa na kansa, kuma wasu littattafan da yau ake gani kamar tun fil azal suke cikin manhaja, da ƙyar suka shiga. The Great Gatsby ya fito a 1925 bai yi kasuwa ba, har marubucinsa F. Scott Fitzgerald ya rasu a 1940 littafin na neman shiga kwandon mantuwa. A 1945 aka buga kwafi kusan 155,000 aka raba wa sojojin Amurka kyauta, a ƙaramin bugu mai shiga aljihun kaki. Bayan yaƙin ne masu nazari suka koma kansa, malamai suka ɗauke shi. Gajere ne, bai kai shafi 200 ba a yawancin bugu, ga shi kuma da arha tun da littattafai masu bangon takarda suka cika kasuwa, bayan kamfanin Pocket Books ya fara sayar da su kan santi 25 a 1939. Da ba don wannan arhar ba, ba yadda malami zai ce kowane ɗalibi ya mallaki kwafinsa ya tafi da shi gida.

Labarin Zora Neale Hurston, marubuciya baƙar fata, ya fi taɓa zuciya. Ta wallafa Their Eyes Were Watching God a 1937, ta rasu a 1960 cikin talauci a jihar Florida, aka binne ta a kabarin da ko alama babu. Marubuciya Alice Walker ce ta je neman kabarin a 1973, ta yi rubutu a kanta a 1975, littafin ya dawo hannun jama'a. Duk da haka makarantu ba su yi saurin sauyawa ba. A 1989 masani Arthur Applebee ya binciki littattafan da aka fi koyarwa a sakandaren gwamnati, ya tarar cikin goman farko huɗu na Shakespeare ne, mace guda ce tal, wato Harper Lee mai To Kill a Mockingbird, kuma babu marubuci baƙar fata ko ɗaya. Bayan nan ne sunaye irin su Hurston da Toni Morrison, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 1993, suka yawaita a takardun hutu. Ɗalibanmu da suka yi adabin Turanci a jarrabawar WAEC sun ɗanɗani wannan ɓangare na marubuta baƙar fata, tunda an sa Native Son na Richard Wright daga 2016 zuwa 2020, sannan Invisible Man na Ralph Ellison daga 2021 zuwa 2025.

Hujjar da makarantu suka fi kafawa ita ce ƙwaƙwalwar yaro na yin sanyi a dogon hutu. Barbara Heyns ta bi yaran birnin Atlanta, ta wallafa a 1978 cewa yawan karatun da yaro ya yi a hutu shi ya fi komai nuna ko zai dawo da ci gaba. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ce a matsakaici yaro kan yi asarar kusan karatun wata guda, kuma a fannin karatu 'ya'yan talakawa ne ke komawa baya yayin da na masu hali ke tsayawa ko ƙaruwa. Wani dogon bincike da aka fara a Baltimore a 1982 ya ɗora kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a aji na 9 kan hutun bazara. Daga baya masana irin su Paul von Hippel sun nuna shakku kan girman wannan asara, suna cewa irin gwajin da aka yi amfani da shi ya kambama ta. Abin lura a nan shi ne akasarin binciken kan yaran firamare da ƙaramar sakandare aka yi, kuma kan karatu ne gaba ɗaya. Ba ya nuna cewa miƙa wa ɗan shekara 16 The Scarlet Letter, littafin Nathaniel Hawthorne na 1850, da dogayen jimlolinsa, ya tafi ya fafata da shi shi kaɗai, zai gyara wani abu.

Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Azuzuwan AP, tsarin da hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955 don ɗalibi ya yi darasin jami'a tun yana sakandare, ana zana jarrabawarsu a watan Mayu. Makarantar da ke buɗewa a Satumba lokacinta ya ƙure, sai malami ya ci bashin hutu. Su ma ɗaliban sun san hanyar ratse. Tun 1958 ake sayar da CliffsNotes, 'yan littattafan nan masu bangon rawaya da baƙi da ke taƙaita labari, a 1999 SparkNotes ya kai abin intanet, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na rubuta tsokacin cikin daƙiƙoƙi. Ga ɗalibin da ke aikin kanti duk hutun ko yake renon ƙanne, wannan jarabta ce babba. Ƙididdigar gwamnatin tarayya ta 2023 ta nuna kashi 14 cikin 100 ne kawai na 'yan shekara 13 ke karatu don nishaɗi kusan kullum, alhali a 1984 kashi 35 ne.

Sai kuma iyaye. Littafin hutu cikin gida ake karanta shi, uwa na iya buɗe shi ta ci karo da shafi mai nauyi ba tare da malamin da zai yi bayani ba. A jihar Virginia ƙorafin wata uwa kan Beloved na Morrison, wanda ke bayyana azabar bauta ba rufa-rufa, ya kai majalisar jihar ta zartar da ƙudiri a 2016 na sanar da iyaye kafin a ba da irin wannan littafi. Gwamna Terry McAuliffe ya hau kujerar na-ƙi, batun kuma ya sake tasowa a zaɓen gwamna na 2021. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga sama da 10,000 na cire littattafai daga makarantu a zangon 2023 zuwa 2024. Malami da ke zaɓen littafin hutu a yau yana yi ne da wannan a ransa.

A ganina, littattafai masu wuya irin Beloved da The Scarlet Letter haƙƙinsu ne a karanta su cikin aji, inda ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Hutu ya fi dacewa da abin da laburare ya fara da shi, kuma akwai shaida a kai. Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun shirya wa yaran makarantun talakawa a Florida baje-kolin littattafai, kowane yaro ya zaɓi 12 da hannunsa ya tafi da su gida kyauta, aka maimaita shekara uku. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna yaran sun fi takwarorinsu da ba a ba su ba a gwajin karatu na jihar, da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da buɗe azuzuwan hutu. Shi ma wannan binciken na ƙananan yara ne, amma sakandare da dama sun ɗauki darasin: maimakon littafi guda na dole, suna ba da jeri mai faɗi ɗalibi ya zaɓa, suna ba da aron kwafi kafin a tashi, sannan a makon farko a zauna a tattauna a madadin gwaji.