Jikin Jiya Ba Shi Ne Na Yau Ba: Abin Da Yoga Ke Koya Mana

Ƙorafin da mu ma'aikatan lafiya muka fi ji daga bakin waɗanda suka haura shekara arba'in shi ne: "Da ina iya kaza, yanzu na kasa." Gwiwa ta fara ciwo, barci ya ragu, ko an yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, gida ya yi tsit. Sau da yawa abin da ke cin mutum a rai ya fi ciwon kansa nauyi, wato ƙin yarda cewa al'amura sun sauya.

Alhali jiki bai taɓa tsayawa wuri guda ba. Jajayen ƙwayoyin jininka ma kwana 120 suke yi, wasu su maye gurbinsu, ba tare da an nemi izininka ba.

Shi ya sa nake ba mutane shawarar yoga, wato tsarin motsa jiki, daidaita numfashi da nutsuwar tunani. Asalinta daga Indiya take, kuma tun 2015 ake bikin ranarta ta duniya kowace 21 ga Yuni, bayan amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu a nan ɓangaren motsa jiki da numfashi muke magana a kai.

Gwada tsayuwar da ake kira ta bishiya. Tsaya da ƙafa ɗaya, ka ɗora tafin ɗayar a ƙaurinka, bango na kusa da kai. Yau za ka iya kai daƙiƙa talatin, gobe ko biyar ba za ka yi ba kana tangaɗi. Masu farawa kan ji haushi a nan, su ce sun koma baya. Ba su koma ba. Barcin daren jiya, gajiya da damuwa duk suna taɓa daidaiton jiki. Aikinka shi ne ka lura da yadda jikin ya wayi gari, ka yi aiki da shi a haka. A ganina, wanda ya saba da wannan a kan tabarma, ranar da babban sauyi ya zo masa, rashin lafiya ne ko rabuwa, ba zai kiɗime kamar da ba.

Numfashi ma haka. Shaƙa a hankali kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida. Tsawaita fitar da numfashi na sassauta bugun zuciya. Minti biyar ya isa. Tunani zai zo ya ɗauke maka hankali. Kada ka yi kokawa da shi, ka dawo kan ƙirgarka.

Mai hawan jini, mai ciwon hawan ruwan ido da mai juna biyu su guji motsin da ke juya kai ƙasa, kuma su tuntuɓi likita kafin su fara. Jin tsoka na miƙewa ba laifi, amma da zarar ka ji suka a gaɓa, ka dakata. Idan kuma baƙin ciki ya haura mako biyu yana hana ka ci da barci, kada ka tsaya kan yoga kaɗai, ka zo asibiti a duba ka.