Rajistar tsirran daji a gundumomin Birtaniya da Ayalan

Rajistar tsirran daji aiki ne na bin gunduma lungu-lungu ana rubuta duk tsiron da ya fito da kansa, tare da wurin da aka gan shi. A Birtaniya da Ayalan al'ada ce mai daɗewa, kuma akasarin masu yin ta 'yan sa-kai ne da ke fita a ranakun hutu. Littafin da John Ray ya wallafa a 1660 kan tsirran kewayen Kambirij shi ake ɗauka na farko irinsa a Ingila.

Abin da ya riƙe aikin tsawon zamani shi ne iyaka wadda ba ta motsi. Gundumomin mulki ba girmansu ɗaya ba, kuma hukuma kan sauya iyakokinsu. Saboda haka a 1852 Hewett Cottrell Watson ya kasa Birtaniya gida 112, inda ya tsaga manyan gundumomi. Yokshaya kaɗai ta zama biyar. Robert Lloyd Praeger ya yi wa Ayalan irin wannan kashi gida 40 a 1901. Har yau da su ake aiki, shi ya sa ake iya ɗora bayanin bana a kan na shekara ɗari da suka wuce a ga abin da ya ɓace.

Kowane bayani sai ya amsa abu huɗu: wane tsiro ne, a ina, yaushe, kuma wa ya gani. Mai aikin yakan durƙusa da ƙaramin gilashin ƙara girma yana duba gashin bayan ganye ko siffar iri, domin wani lokaci nan kaɗai bambancin yake. In abin ya shige masa duhu, sai ya matse samfuri tsakanin takardu ya bushe, a aika wa gwani. Ƙungiyar masana tsirrai ta Birtaniya da Ayalan (BSBI) tana da mai kula da bayanai a kowane kashi, shi ke tantancewa kafin a karɓa.

Kundin taswirar yaɗuwar tsirrai na 1962, na Franklyn Perring da Max Walters, ya kawo tsarin raba ƙasa zuwa murabba'i mai kilomita 10 kowane gefe, ana nuna waɗanda aka ga tsiro a cikinsu. A matakin gunduma an fi amfani da na kilomita 2. Tsarin yana da rauninsa: gurbi a taswira na iya nufin babu tsiron, ko kuwa babu wanda ya taka wurin.

Sabon kundin da ya fito a 2023, bisa aikin fili na 2000 zuwa 2019, ya nuna kashi 53 cikin ɗari na nau'o'in tsirran asali na Birtaniya sun ja baya tun shekarun 1950, galibi saboda takin zamani, nome tsofaffin makiyayai da busar da fadamu. Nau'o'in da aka shigo da su daga waje kuwa sun zarce na asali yawa.