Ba Sojojin Sarkin Sifaniya Ne Suka Ci Peru Ba

An daɗe ana ɗauka cewa rundunar sarki ce ta rusa daular Inka. Ba haka ba ne. Mutanen Francisco Pizarro 168 da suka kama Atahualpa, sarkin Inka, a 1532 babu mai albashi a cikinsu. Kowa da kuɗinsa ko bashi ya sayi makami, mai hali har da doki, ganima a raba. Kafin tafiyar, Pizarro ya koma garinsu Trujillo da ke Sifaniya ya kwaso 'yan'uwansa huɗu. Su aka fifita wajen rabon garuruwan da ake tatsar haraji da ƙwadagon tilas. Abin ya kai ga Hernando Pizarro ya auri Francisca, 'yar ɗan'uwansa Francisco, a 1552, don kada gadon ya bar gida. Gumin mutanen Peru ne ya gina fadarsu da ke Trujillo.