Rikicin jirgin leƙen asiri na U-2 (1960)

Rikicin U-2 shi ne taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet bayan an kakkaɓo wani jirgin leƙen asirin Amurka ran 1 ga Mayu 1960, kusa da birnin Sverdlovsk wanda yanzu ake kira Yekaterinburg. A duk zamanin yaƙin cacar baka da wuya a samu wani lamarin leƙen asiri da ya yi wa diflomasiyya ɓarna nan take kamar wannan, don cikin sati biyu da 'yan kwanaki ya wargaza taron ƙoli na shugabannin manyan ƙasashe a Paris da duniya ta daɗe tana jira.

Asalin maganar dai tsoro ne. Amurka ba ta san yawan makamai masu linzami da jiragen yaƙin da Sobiyet ke da su ba, ƙasar a rufe take ruf, ga shugabanta Khrushchev kullum cikin cika baki. A 1955 a taron Geneva shugaban Amurka Eisenhower ya kawo shawarar kowace ƙasa ta bar ɗaya ta riƙa shawagi a samaniyarta tana duba sansanonin soja, Sobiyet ta ce sam ba ta yarda ba. To sai hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta koma ga U-2, jirgin da kamfanin Lockheed ya ƙera, mai dogayen fukafukai da kyamara a cikinsa, yana tashi sama da kilomita 20 inda ake ganin ba abin da zai iya taɓa shi. Tun Yulin 1956 yake ratsa ƙasar Sobiyet, kuma su Sobiyet ɗin suna ganinsa a na'urar rada, sun ma yi ƙorafi ta hanyar diflomasiyya, amma ba su so su kwarmata wa duniya cewa jirgin abokan gaba na yawo a kansu sun kasa komai, shi ya sa kowane ɓangare ya kama bakinsa har kusan shekara huɗu.

Abin takaicin shi ne lokacin da abin ya faru dangantaka ta fara gyaruwa. A Satumbar 1959 Khrushchev ya ziyarci Amurka, sun zauna da Eisenhower a Camp David, wurin hutun shugabannin Amurka, an tsara haɗuwa a Paris kan batun Berlin da dakatar da gwajin makaman nukiliya, an kuma gayyaci Eisenhower ya je Moscow a watan Yuni. Duk da haka Eisenhower ya amince a sake tura jirgi.

Matuƙin, Francis Gary Powers, ya tashi daga Peshawar a Pakistan da nufin ya keta Sobiyet daga kudu zuwa arewa ya sauka a Bodø a ƙasar Norway. Makami mai linzami samfurin S-75 ya same shi a hanya, ya diro da lema, aka cafke shi da ransa. A wannan hargitsin har wani jirgin MiG-19 na Sobiyet ɗin kansu aka harbo bisa kuskure, matuƙinsa ya mutu.

Daga nan ne fa aka shiga tarko. Jami'an Amurka sun ɗauka jirgin ya tarwatse matuƙin kuma ya mutu, sai aka fitar da sanarwa ta bakin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA wai jirgin binciken yanayi ne, wai matuƙinsa ya samu matsalar iskar shaƙa a sararin Turkiyya ya ɓace. Ran 5 ga Mayu Khrushchev ya sanar da harbo jirgin amma da gangan bai ce komai kan matuƙin ba, ya bari Amurka ta ƙara nutsewa cikin ƙaryarta, sannan ran 7 ga wata ya fito ya ce matuƙin na hannu lafiya lau, ga fim ɗin hotunan da ya ɗauka, ga kuɗin Sobiyet da aka ba shi, har da allura mai guba da aka ɓoye cikin kwabon dala na azurfa. Aka kwashi tarkacen jirgin aka baje a dandalin Gorky da ke Moscow jama'a na layi suna kallo. An ce rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya.

Eisenhower ya rasa mafita mai daɗi. In ya ce bai sani ba, ya nuna ba shi ke juya gwamnatinsa ba, in ya ce ya sani kuma, to shugaban ƙasa da kansa ya amsa laifin keta iyakar wata ƙasa, abin da shugabanni ba sa yi. Ya zaɓi na biyu, ran 11 ga Mayu ya ɗauki alhaki a fili. Wannan ya bar Khrushchev cikin kunya a gida, shi da ya sha gaya wa manyan jam'iyyarsa da sojoji cewa Eisenhower mutum ne da za a iya hulɗa da shi. A ganina nan ne ainihin ɓarnar take, leƙen asirin kowa ya san ana yi, amma da ya fito bainar jama'a sai ya zamana ba wanda zai iya sassautawa ba tare da mutuncinsa ya zube ba.

Ran 16 ga Mayu a Paris, gaban De Gaulle na Faransa da Macmillan na Birtaniya, Khrushchev ya nemi a ba da haƙuri, a daina shawagin, a hukunta waɗanda suka shirya shi. Eisenhower ya ce an dakatar da shawagi amma haƙuri kam ba zai bayar ba. Taro ya watse, aka janye gayyatar zuwa Moscow, Khrushchev kuma ya gargaɗi Pakistan da Turkiyya da Norway cewa duk sansanin da irin wannan jirgi ya sake tashi daga cikinsa zai sha rokoki.

Amurka ma ta rama. Ran 26 ga Mayu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, jakadanta Henry Cabot Lodge ya ɗaga wani tambarin Amurka na katako da yaran Sobiyet suka ba jakada Averell Harriman kyauta a 1945, ya buɗe shi ya nuna na'urar sauraro da ke ciki, wadda ba ta da batir ba ta da waya, kuma ta yi shekaru rataye a gidan jakadan a Moscow kafin a gano ta.

A watan Agusta aka yanke wa Powers hukuncin shekara 10, amma bai cika biyu ba, ran 10 ga Fabrairu 1962 aka yi musayarsa da Rudolf Abel, ɗan leƙen asirin Sobiyet da aka kama a New York a 1957, a kan gadar Glienicke tsakanin Berlin ta Yamma da Potsdam a Jamus ta Gabas. Shi kuwa aikin ɗaukar hoton ƙasar Sobiyet tun Agustan 1960 ya koma hannun tauraron ɗan'adam na shirin Corona, wanda a lokacin ba a iya kakkaɓo shi. Yarjejeniyar taƙaita gwajin nukiliya da aka so a matsa kusa da ita a Paris sai a 1963 aka sa mata hannu, bayan rikicin makaman Kuba na Oktoban 1962, wanda shi ma hotunan U-2 ne suka tono shi.