Manhajar Gwani a Aikin Gini

Manhajar gwani nau'in manhajar kwamfuta ce da ake ɗura wa sanin ƙwararru a wani fanni, domin ta riƙa ba da shawara irin wadda ƙwararren zai bayar da yana wurin. A fannin injiniyancin gini da tafiyar da kwangila, ana amfani da ita wajen gano dalilin tsagewar bango, zaɓen irin harsashin da ya dace da ƙasa, da hasashen jinkirin aiki.

Asali

A Jami'ar Stanford ta Amurka aka fara irin wannan aiki. DENDRAL, wadda aka soma a 1965, ta shafi kimiyyar sinadarai ce, sai MYCIN a shekarun 1970 wadda ke taimaka wa likita gano cututtukan da ƙwayoyin cuta ke sa wa jini. Masu binciken gini sun rungumi dabarar a shekarun 1980. Kafin nan abin da kwamfuta ke yi musu lissafi ne, kamar tsara jerin ayyuka ta hanyar dabarun tsara jadawalin aiki da ake kira CPM da PERT, waɗanda suka fito a ƙarshen shekarun 1950. Waɗannan suna nuna aikin da in ya makara duk kwangilar ta makara, amma ba sa faɗin dalilin makarar.

Yadda take aiki

Akwai rumbun sani, inda ake ajiye ƙa'idoji a sigar “in kaza ya faru, to kaza ne”. Akwai kuma sashen da ke bin ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya har ya cim ma hukunci, sai fuskar da ke yi wa mai amfani tambayoyi. Manhaja mai kyau tana iya bayyana ƙa'idojin da ta bi, kuma wannan ne ke sa injiniya ya yarda da ita ko ya ƙi.

A ɗauki tsagewar dekin. Manhajar za ta tambayi yaushe tsagar ta bayyana. In cikin 'yan sa'o'i bayan zuba kankare ne, tsagar kuma siririya ce a fuska kawai, ana cikin iskar hunturu, hukuncin shi ne ruwan saman kankaren ya ƙafe kafin ya kama. Maganinsa a rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana 7. In kuwa tsagar ta bi layin rodi ne, da tabon tsatsa, bayan shekaru, to kankaren da ya lulluɓe rodin bai yi kauri ba, danshi ya shiga. Tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace tana bin gaɓoɓin bulo kamar matakala, wannan ta harsashi ce: wani ɓangare ya zauna fiye da wani. Shafa filasta a kanta ɓarnar siminti ce, za ta sake buɗewa.

Akan sa ma'aunai a cikin ƙa'idojin. Haɗin 1:2:4 na nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma in ana son ruwa ya zama rabin nauyin siminti, lita 25 ke nan, har da danshin da ke cikin yashin. Leburori kan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zuba, nan ne ƙarfi ke zubewa. Ana tabbatar da ƙarfin ta hanyar matse dunƙulen kankare na gwaji mai milimita 150 a kowane gefe a kwana 7 da kwana 28. Na kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na na ƙarshe.

Inda wuyar take

Rubuta manhajar ba shi ne wahala ba. Tatso sanin daga bakin gwani shi ne aiki. Tsohon birkila yakan damƙi yashi, ya buɗe hannu, ya ga ya dunƙule ya bar jan tabo a tafinsa, ya ce, “Wannan da laka, Injiniya, ba zai yi ba.” A tambaye shi kashi nawa ne lakar, sai ya yi dariya. Mai bincike shi zai zuba yashin a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya bari ya kwanta, ya auna kaurin lakar da ta taru a sama, sannan ya mayar da abin da hannu ya ji zuwa adadi. Gwanaye biyu kuma sukan saɓa, dole a sa wa kowace ƙa'ida ma'aunin tabbaci, dabarar da aka gada daga MYCIN.

Sannan ƙa'idar da aka rubuta don sanyin Ingila ba ta san hunturun Zariya ba, lokacin da iska ke bushewa ƙayau, ba ta kuma san jar marmara ba. Shi ya sa aikin ya fi dacewa da masu bincike na gida, irin na sassan nazarin gini da injiniyancin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, da Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Najeriya da aka kafa a 1978.

Ginin ƙasa ma yana buƙatar irin wannan taskacewa. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya tsaya ne kan sanin jera azara da ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, sanin da magina ke gadar wa 'ya'yansu da baki da hannu. Yadda ake tsuma ƙasa, da tsawon da azara za ta iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba, duk abubuwa ne da za a iya mayarwa ƙa'idoji tun masu sanin suna raye.